Cocin da ke kan tudun Aljiyas: gadon Faransawa ne ko na mutanen gari?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda makon nan maganar gine-ginen da 'yan mulkin mallaka suka bari muke yi, bari in kawo wanda ya fi tsaya mini a rai a nan Aljeriya inda nake karatun zanen gine-gine. Sunansa Notre-Dame d'Afrique, wato Uwargijiyarmu ta Afirka a bakin 'yan Katolika, amma mutanen gari Lalla Maryam suke ce masa, wasu kuma Madam Lafrik. Yana arewacin birnin Aljiyas, kan wani tudu mai tsawon mita 124 da ya leƙa Bahar Rum, a saman unguwannin Bologhine da Bab El Oued.

A 1858 aka fara ginin, ba a keɓe shi don ibada ba sai ranar 2 ga Yuli, 1872. Wanda ya zana shi Bafaranshe ne, Jean-Eugène Fromageau. In ka hango shi daga ƙasa sai ka rantse masallaci ne: ga babbar ƙubba a tsakiya, ga ƙanana sun kewaye ta, ga hasumiya mai kusurwa huɗu irin ta masallatan Magrib, ga kuma ɗamarar tayil shuɗi da fari da aka yi wa bangon ta sama. Gicciyen da ke kan ƙubbar ne kawai yake tona asiri. A ciki kuwa, a bangon da ke bayan bagadi, an rubuta da manyan baƙaƙe cikin Faransanci: Uwargijiyarmu ta Afirka, ki yi addu'a dominmu da kuma domin Musulmi.

Ga tambayata. Ƙasar da Faransa ta danne shekara 132, ba ta samu kanta ba sai da aka zubar da jini, yau ita ce take kula da wannan gini, har hukumar birnin ta sa kuɗinta a gyaransa. Ni ina ganin daidai suka yi. Ku fa?

Ɗan Gwagwarmaya:
Daidai ina? Yaya, je ka tambayi masallacin Ketchaoua abin da ya gani. A 1832 sojojin Faransa suka fitar da masallata da bakin bindiga, aka mayar da wurin coci, daga baya ma aka rushe mafi yawansa aka gina majami'ar Saint-Philippe a kai. Sai 1962 ya dawo hannun Musulmi. Waɗanda suka yi wannan su ne suka hau tudu suka kafa gicciye inda duk wanda ke cikin gari zai ɗaga kai ya gani. Ba don kyan iska suka zaɓi tudun ba.

Malamin Tarihi:
Ƙanina, maganar Ketchaoua gaskiya ce, babu ko tantama, kuma Duke de Rovigo, shugaban sojojin Faransa a Aljiyas a lokacin, shi ne ya ba da umarnin. Amma kada mu haɗa su a kwando ɗaya. Shi Ketchaoua ƙwace aka yi, shi ya sa da aka samu 'yanci aka karɓe shi, har Turkiyya ta zo ta gyara shi aka sake buɗewa a 2018. Na kan tudu kuwa ba a kan masallacin kowa aka ɗora shi ba. Aljeriyawa da kansu sun bambance tsakanin biyun, ɗaya suka amshe, ɗaya suka bari.

Kuma asalinsa ba daga ofishin gwamna ya fito ba. Mata biyu ne 'yan birnin Lyon, Marguerite Berger da Anna Cinquin, suka biyo Bishop Louis Pavy, bishop na biyu a Aljiyas, suna aikin hidima a makarantar horar da limaman coci da ke wannan yankin. A garinsu sun saba hawa tudun Fourvière wajen ziyarar Maryamu, da suka zo nan babu irin wannan. Sai suka sami wani ɗan mutum-mutumin Maryamu suka saƙala a jikin itacen zaitun cikin wani kwazazzabo. Kaɗan-kaɗan mutane suka fara zuwa, musamman matan masunta da na matuƙan jiragen ruwa, masu miji a teku ba su san ko zai dawo ba. Da wurin ya yi kaɗan aka gina ƙaramin ɗakin ibada a 1857. Su matan nan ne suka yi ta matsa wa Pavy lamba har ya yarda a yi babba. Kuɗin ma yawanci bara aka yi, Pavy da kansa ya zaga garuruwan Faransa yana roƙo. Ya rasu a 1866 bai ga ƙarshen aikin ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
Malam, to su matan masuntan 'yan ina ne? Ba baƙin da aka kwaso daga Faransa da Sifen da Italiya da Malta aka zaunar a ƙasar mutane ba? Talakan ɗan mamaya ai ɗan mamaya ne.

Malamin Tarihi:
Su ne. Ban musa ba. Ni dai cewa na yi a san inda abu ya faro.

Baba Magini:
Ni tsohon magini ne a Zariya, siyasar ba tawa ba ce. Ɗana na Damagaram, wannan ƙubba da ka ce, me ya riƙe ta? Ginin dutse ai nauyi gare shi, in ka ɗora kan bango huɗu turawa zai yi waje.

Ɗan Damagaram:
Baba, ka taɓo inda ya fi yi mini daɗi. Ƙubbar ba kai tsaye aka ɗora ta kan bango ba. Akwai wani zagayayyen wuya a ƙarƙashinta mai tagogi, ta nan haske yake zubowa tsakiyar ɗakin. Wuyan yana zaune kan manyan bakuna, su kuma bakunan suna sauke nauyin a kan ginshiƙai. Turawar da ka ce kuwa, rabin-ƙubbobi ne suke tare ta, ɗaya a bayan bagadi, biyu a gefe da gefe, kowacce ta kafa kafaɗa ta dafe babbar. Kusan hikimar bakan gizon da Babban Gwani ya yi a masallacin Juma'a na garinku ce, illa shi da azara da ƙasa ya yi, su kuma da dutse.

Wannan salo na Rumawan Santambul ne tun kafin Turkawa su ci garin. Uwar ɗakinsu ita ce Ayasofiya, wadda aka gama a shekarar 537. Daular Usmaniyya ta koyi ginin masallatanta daga can, har ta kawo shi Aljiyas: in ka sauka bakin teku za ka ga Djamaa el-Djedid, masallacin da aka gina a 1660, da ƙubbarsa fara tas. Saboda haka in mutum ya ce cocin ya yi kama da masallaci, bai yi kuskure ba, kakansu ɗaya. Fromageau kuma ya ƙara da abin da ya gani a gari, wato tayil da hasumiyar.

Wani abu da malaman gini suke nunawa: bisa al'ada tsofaffin coci gabas suke fuskantar da bagadinsu, wannan kuwa kudu maso yamma ya duba. Ƙofa da filin gabanta su ne suka kalli teku. In ka tsaya a filin, ga maƙabartar Kirista da ta Yahudawa ta Bologhine a ƙasanka, ga filin ƙwallo, ga teku har inda ido ya ƙare. Da la'asar cike yake da yara masu buga tamaula da mata masu shan iska.

Baba Magini:
Madalla. Wanda ya yi wannan ya san aikinsa, ko wane addini yake bi.

Malam Bakano:
Wa alaikumus salam. Ni rubutun bangon ne ya dame ni, ba dutsen ba. A yi wa Musulmi addu'ar me? Ku faɗa mini gaskiya. Bishop Pavy da ake ta ambato ai sananne ne ya hau mumbari ya soki Musulunci a bainar jama'a. Mutum irin wannan in ya ce a yi wa Musulmi addu'a, ba addu'ar samun lafiya da arziki yake nufi ba, addu'ar su bar addininsu ce. Yanzu kuma a zo ana nuna mana rubutun a matsayin shaidar ƙauna. Ruwa ba ya tsami banza.

Maman Rahila:
Salama gare ku duka. Allah gafarta Malam, ni 'yar Katolika ce daga Kafanchan, kuma ba zan ɓoye ba, mutanen wancan zamani burinsu ke nan, kowa ya zama Kirista. Kai ma ai in kana ƙaunar maƙwabcinka kana roƙa masa shiriya bisa abin da ka yarda da shi, ko ba haka ba? Amma Ikilisiya ba ta tsaya inda Pavy ya tsaya ba. A 1965 babban taron bishof-bishof na Vatican ya fitar da takarda a rubuce cewa Ikilisiya tana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, masu girmama Maryamu. Fadan da yake tsaye ƙarƙashin rubutun nan yau, ba abin da Pavy yake nufi yake karantawa ba. Ni kaina ranar 30 ga Afrilu, ranar tunawa da Uwargijiyarmu ta Afirka, ina sa maƙwabtana Musulmi a addu'a, lafiya da zaman lafiya nake roƙa mana baki ɗaya.

Malam Bakano:
Na gode Mama, kin yi magana ta gaskiya, kuma Allah Ya ba mu zaman lafiyar. Nana Maryam kuwa ba baƙuwa ba ce wurinmu, sura guda ce da sunanta a Alƙur'ani, kuma a Ali Imrana an ce Allah Ya zaɓe ta a kan matan talikai. Inda muka rabu shi ne roƙo. Na ji ana cewa matan Musulmi suna zuwa can su kunna kyandir suna neman haihuwa. In haka ne, wannan ba ya halatta, komai kyan niyya. Allah kaɗai ake roƙo.

Ɗan Damagaram:
Allah gafarta Malam, ana yi, ba ji-ta-ji-ta ba ne. Yawancin masu shiga wurin ma Musulmi ne. Da yawa kallo ne ya kawo su, su ɗauki hoto su fita. Amma akwai masu zama shiru gaban mutum-mutumin, galibi mata, wata da jariri a hannu, wata da hoton ɗanta da ya hau kwalekwale ya nufi Turai. Shi mutum-mutumin na tagulla ne, ya yi duhu har wasu suna ɗauka da gangan aka yi shi baƙar fata, an sa masa riga mai aikin zare na zinariya da kambi a ka. Tun 1840 aka ba bishop na farko, Dupuch, kyautarsa daga Lyon, ya daɗe a gidan sufayen Staouéli kafin a kawo shi nan. An naɗa masa kambin ranar 30 ga Afrilu, 1876, asalin ranar da Mama ta ambata ke nan.

Abin da ya fi kama ni shi ne bangon. Daga ƙasa har inda hannu ba ya kaiwa, ƙananan allunan marmara ne jere, kowanne godiyar wani ce: wannan ya tsira daga haɗarin jirgin ruwa, wannan ɗanta ya warke, wannan ya dawo daga yaƙi. Mafi yawa da Faransanci, amma akwai na Larabci, akwai na harshen Kabyle, na Barbarawan arewacin Aljeriya. Hukuncin abin na malamai ne, ni ban isa ba. Ni dai abin da nake gani shi ne, tun da daɗewa mutanen gari suka shigar da wurin cikin rayuwarsu, ba su jira izinin liman ko na fada ba.

Maman Rahila:
Malam, ƙaramin bayani kawai. Mu ma ba tagullar muke roƙo ba, kuma ba mu ɗauki Maryamu Allah ba. Cewa muke ta roƙa mana wurin Allah. Na san ba za ka yarda da hakan ba, amma gara ka ƙi abin da muke yi da gaske.

Malam Bakano:
Na ji, Mama. Ban yarda ba ɗin, amma na ji.

Hajiya Mai Zaure:
Haka nake so. A ci gaba a kan wannan ladabi, duk wanda ya zagi addinin wani zan cire shi ba tare da gargaɗi ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
Hajiya ba zagi zan yi ba. Amma har yanzu ba wanda ya kira sunan Lavigerie, shi da ya buɗe cocin, wanda mutum-mutuminsa yake tsaye a filin da yaran suke ƙwallo.

Malamin Tarihi:
To bari in kira shi, don a nan ina bayanka. Charles Lavigerie ya zama babban bishop na Aljiyas a 1867, daidai lokacin da fara da fari da kwalara suka haɗu wa ƙasar. Tsakanin 1866 da 1868 dubban ɗaruruwan Aljeriyawa suka mutu, kuma yunwar ba daga sama kawai ta faɗo ba: an riga an ƙwace gonaki masu kyau an ba baƙi, an karya tsarin rumbunan da ƙabilu suke ajiyar hatsi don irin wannan rana. Lavigerie ya tara marayu sama da dubu, ya ciyar da su, da yawa duk da haka cuta ta kashe su. Waɗanda suka rayu ya ƙi mayar da su ga danginsu, aka yi wa da dama baftisma, har ya kafa musu ƙauyuka biyu a kwarin Chélif, Saint-Cyprien da Sainte-Monique. Gwamnan da Faransa ta naɗa wa Aljeriya a lokacin, MacMahon, sai da suka yi rigima a fili kan wannan, ba don yana tausayin Musulmi ba, tsoron tawaye yake yi.

Mutumin nan ya ceci rayuka, kuma ya yi amfani da yunwa ya raba 'ya'ya da addinin iyayensu. Duka biyun ya aikata. Daga baya ya zaga biranen Turai yana yaƙi da cinikin bayi a Afirka, wannan ma shi ne. A 1868 ya kafa ƙungiyar mishan da ake kira Fararen Fada, saboda farar jallabiya da alkyabbar da suke sawa irin ta mutanen ƙasar. Burinsa su ratsa Sahara su kai Tumbutu. Ukun farko da ya tura an kashe su a hanya a 1876, wasu ukun da suka tashi daga Gadamas a 1881 su ma haka.

Ɗan Zangon Bolga:
Salam daga Gana. Malam, Fararen Fadan nan ai sun iso mana. Ta Wagadugu suka gangaro suka sauka Navrongo a 1906. Cocin da suka gina can a 1920 na ƙasa ne zalla, tubali da yaɓe, yana nan tsaye har gobe. Matan Sirigu ne suka yi wa cikinsa zanen gargajiya da jar ƙasa da baƙi da fari, irin wanda suke yi a gidajensu. A 2006 Paparoma ya ba shi matsayin basilika, wato coci mai daraja ta musamman, matsayi ɗaya da na Aljiyas ɗin. Mu 'yan zango muna wucewa ta gabansa, ba wanda ya taɓa kallonsa a matsayin kayan Bature, na mutanen Navrongo ne.

Baba Magini:
Ginin ƙasa ya haura shekara ɗari? To ana yi masa yaɓe a kan kari ke nan. Wannan nake son gani da idona.

Ɗan Damagaram:
Ƙanina Ɗan Gwagwarmaya, duk abin da Malam ya faɗa kan Lavigerie na yarda da shi. Amma tarihin wurin bai tsaya a 1872 ba, kuma abin da ya zo daga baya shi ya sa nake cewa Aljeriyawa sun yi daidai.

A 1954, shekarar da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke, aka naɗa Léon-Étienne Duval babban bishop na Aljiyas. Tun farkon 1955 ya fito ya la'anci azabtarwar da ake yi wa waɗanda aka kama, daga baya ya ce Aljeriyawa suna da haƙƙin zaɓar makomarsu. Turawan da ke zaune a ƙasar, mabiyansa na coci, suka tsane shi har suka laƙaba masa Muhammad Duval don cin fuska. Da aka samu 'yanci a 1962 kusan dukkansu suka kwashe suka tafi, shi ya zauna, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa a 1965. A shekarun 1990, lokacin da ƙasar ta faɗa cikin kashe-kashe, aka ce baƙi su fice, limaman coci da sistoci da yawa suka ƙi tafiya, aka kashe 19 daga cikinsu, tare da dubban Aljeriyawa Musulmi da limamai da 'yan jarida da aka kashe a wannan fitina. Duval ya rasu ranar 30 ga Mayu, 1996, aka haɗa jana'izarsa da ta sufaye bakwai 'yan Katolika na gidan ibadar Tibhirine da aka kashe a fitinar, a cikin wannan coci, kuma a nan kabarinsa yake. Wanda ya gaje shi, Henri Teissier, da ya rasu a 2020, nan aka kawo shi aka binne.

Yau in ka shiga ranar ibada, Turawa 'yan kaɗan ne. Yawanci ɗalibai ne da 'yan ci-rani daga ƙasashenmu na kudu da Sahara. Gicciyen da aka kafa don a nuna wa gari iko, yanzu tsiraru ne marasa ƙarfi suke taruwa a ƙarƙashinsa, cikin amanar masu gari.

Ɗan Gwagwarmaya:
Duval na girmama shi, Yaya. Amma mutum ɗaya ba ya wanke ƙarni guda. Ni ban ce a rushe ba. Cewa nake a kafa allo a filin nan, kusa da Lavigerie, a rubuta labarin yunwar 1868 da marayun da Larabci, yaron da ke ƙwallo a wurin ya san wane ne wannan mutum. In an ajiye gini a ajiye shi da labarinsa duka.

Malamin Tarihi:
Wannan kam ko ni zan sa hannu. Kuma a ƙara da na Amir Abdulƙadir, wanda ya yi shekara 15 yana yaƙar Faransa, ya yi musayar fursunoni da Bishop Dupuch a 1841, sannan a 1860 ya ɓoye dubban Kiristoci a Dimashƙa lokacin da ake farautarsu. Pavy ɗin nan da ya soki Musulunci sai da ya rubuta masa wasiƙar godiya.

Maman Rahila:
Ni ma ban ƙi allon ba. Abin da kakanninmu a bangaskiya suka yi ba daidai ba, faɗinsa ba ya rage mu da komai.

Baba Magini:
Ku ƙarasa maganar allo, ni akwai saura. Ɗana, gini a bakin teku gishiri yana cinsa. Yaya suka yi da shi?

Ɗan Damagaram:
Ya ci shi sosai, Baba. Iskar teku tana shigar da gishiri cikin dutse ya riƙa marmashewa, ƙarfen da ke ciki kuma in ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa abin da ya riƙe. Tagoginsa masu gilashin launi ma bama-baman yaƙin duniya na biyu sun tarwatsa su a 1943, sai da aka sake. Sannan girgizar ƙasar Boumerdès ta 21 ga Mayu, 2003, wadda ta kashe sama da mutum 2,000, ta zo ta tsattsage shi har ana tsoron duwatsu su faɗo kan mutane.

An yi babban gyara daga 2007 zuwa 2010, kuɗin ya kai wajen Yuro miliyan biyar. Hukumar jihar Aljiyas ta bayar, Tarayyar Turai ta bayar, gwamnatin Faransa da birnin Marseille da wasu kamfanoni suka cika. Wanda ya jagoranci aikin, Xavier David, shi ne ya gyara Notre-Dame de la Garde ta Marseille, wadda take kan nata tudun a ɗaya gaɓar tekun. Abin da zai fi yi maka daɗi shi ne an mayar da wurin aikin makaranta, aka ɗauki samarin Aljeriya aka koya musu sassaƙar dutse da ginin gargajiya a jikin bangon, don tsohuwar unguwar Kasba ma tana neman masu irin wannan hannu.

Baba Magini:
Wannan shi ne aiki. Mu nan yaran duk sun gudu wajen bulo da siminti, wanda zai ɗaure baka da azara sai an tona. In ka sake hawa, ɗauko mini hoton daidai inda rabin-ƙubbar ta haɗu da babban bango, ta waje, kusa sosai. Haɗin nake son gani.

Ɗan Damagaram:
In sha Allahu Baba. Ta bayan ginin, gefen hasumiya, nan ya fi fitowa, zan turo maka a nan zauren.